Cinikin Motar Suruka

Wani ne Allah ya jarrabe shi da son ciniki. Ba talauci ba ne, yana da aikinsa da albashinsa, kawai dai in bai taya abu ba barci ba ya ɗaukarsa. Mutumin da ya taɓa tsayawa a kantin magani yana neman ragi a kan ƙwayar ciwon kai, har ciwon kan ya gaji ya tafi da kansa. Kuma yana da karatu guda da yake yi wa kowa, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Wai kada ka taɓa nuna wa mai kaya kana so. Ka juya baya ka kama hanya, in ya ga ba ka damu ba, da kansa zai dawo ya rage. Matarsa ta haddace, 'ya'yansa sun haddace, har surukarsa ta haddace don dole.

To ita surukar nan ita ce maganar. Ta zo ganin likitan gwiwa, wai mako biyu. Wata huɗu ke nan. Gwiwa ta warke tuni, Mama ba ta ce uffan a kan tafiya ba. An ba ta ɗakin da fankarsa ke aiki, gogan naku ya koma falo kan doguwar kujera mai rami a tsakiya. Rimot na hannunta, ƙwallo ta haramta. Ko zafi zai kashe shi ba shi da damar tuɓe riga a gidansa. Ga kunya ta hana shi magana, kullum sai ya durƙusa yana Allah ya ƙara sauƙi, alhali shi ne mai neman sauƙin.

Ran nan Mama ta ce ta yi kewar gida. Kafin ta rufe baki ya je ya yanko mata tikitin jirgin ƙasa, kuma wallahi bai nemi ragi ba, karo na farko a rayuwarsa. Jirgin garinsu sau ɗaya yake tashi a mako, ranar Asabar ƙarfe sha ɗaya. In ya wuce ka, tikiti ya mutu, kai kuma ka ƙara kwana bakwai.

Asabar ta zo. Ƙarfe tara an fito da kaya ƙofar gida, akwati biyu da jaka da wani ƙullin da ba wanda ya san abin da ke ciki. Ya zauna a kan akwati, ya buɗe manhajar nan ta kiran mota, wadda fasinja ke rubuta abin da zai biya, direbobi su mayar masa da nasu farashin. Shi fa a wurinsa wannan manhaja ba a taɓa ƙirƙiro abu mai albarka kamarta ba. Ta nuna masa cewa zuwa tasha dubu uku ake biya. Ya yi dariya, ya rubuta ɗari tara.

Direbobi suka fara aiko da nasu. Wannan dubu uku, wancan dubu biyu da ɗari takwas. Yana share su ɗaya bayan ɗaya yana tsaki. Can wani ya karɓa, ya kira shi a waya. Gogan naku ya kalli matarsa yana murmushin na-faɗa-miki.

Direban ya ce, "Malam, ba zuwa zan yi ba. So nake kawai in ji muryar wanda ya rubuta ɗari tara. Mota ka kira ko baro?"

Direban ya kashe waya. Matar ta ce, "Baban yara, don girman Allah ka biya a wuce wurin." Ya ce mata ita ba ta san kasuwa ba, haka suke farawa, yanzu za su sauko. Don dai a ga ya yi adalci, ya ƙara hamsin.

Tara da rabi babu mota. Sai wata dabara ta faɗo masa, irin dabarar da ke zo wa mutum in Allah ya so a yi dariyarsa. Ai kuɗin da nisa ake lissafa shi. In aka matsa gaba, dole farashi ya sauko. Ya ɗora akwati ɗaya a ka, ya ja ɗaya, ya rataya jaka a wuya, ya miƙa wa matarsa ƙullin. Ya sunkuyar da kai cikin ladabi ya tuna wa Mama cewa likita ya ce ta riƙa tattaki. Mama ta dube shi sama da ƙasa, ta gyara mayafi, ta ce to.

Suka taka har bakin titi. Manhaja ta ce dubu biyu da ɗari bakwai. Kun ga mai hankali sai ya ƙara tayi. Shi sai ya rage, wai tunda ya ci wani yanki na hanyar da ƙafarsa, ba zai biya kuɗin abin da ya riga ya taka ba. Suka ƙara gaba zuwa shataletale, ya sake ragewa. Tayar akwati ta cire, ya koma rungumarsa, gumi ya jiƙe masa rigar fita.

A gaban wani gidan mai, daf da gadar da jirgin ke bi ta kai, wani direba ya sauko har dubu ɗaya da ɗari biyar. Matar ta ce ya karɓa. Da ƙyar ya ƙara tayinsa zuwa dubu ɗaya da ɗari huɗu. Direba ya ce albarka. Gogan naku ya kifa wayar a cinyarsa, ya juya wa titi baya, yana jira a kira shi. Mama tana zaune a kan akwati tana kallon komai.

Da ya ɗago wayar, ƙarfe goma da rabi saura kaɗan. Nan fa kujerar falo ta faɗo masa a rai, da ramin nan nata, da wasu kwana bakwai cikin riga. Ya rubuta dubu ɗaya da ɗari biyar, shiru. Dubu biyu, shiru. Lokacin cunkoso ya yi, motoci duk sun cika. Dubu uku, shiru. Ya rubuta dubu biyar, ya runtse ido ya danna kamar mai cire haƙori.

Minti uku sai ga mota, sabuwa fil, da sanyinta. Direba ya fito ya buɗe but, ya ce in an yi sauri za a samu jirgin. Gogan naku ya jefa kaya ciki, ya buɗe wa Mama ƙofa har da rusunawa.

Mama ba ta tashi ba. Ta ce, "Direba, nawa ya ce zai ba ka?"

"Dubu biyar, Mama."

"Dubu biyar? Daga nan zuwa can? Ba za a cuci surukina a gabana ba. Dubu ɗaya da ɗari huɗu."

Direba ya yi zaton wasa take yi. Gogan naku ya durƙusa a kan kwalta yana rantsuwa cewa ya yafe, da zuciya ɗaya zai biya, ko dubu goma ne. Mama ta ce ina, wata huɗu tana cin abincinsa tana jin karatunsa, ba za ta zama butulu a ranar ƙarshe ba. Matar ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Direba ya sauko dubu huɗu don girman furfura. Mama ta ƙara hamsin. Ya ce uku da rabi. Ta juya masa baya tana kallon famfon mai.

Direba ya sauke kayan ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a gefen titi, ya dubi gogan naku ya ce Allah ya ba shi haƙuri, ya ja motarsa.

Ba a jima ba suka ji ƙaho. Jirgi ya hau gada a gabansu, tarago bayan tarago, har da fasinjoji masu ɗaga hannu ta taga. Gogan naku ya ɗora hannu biyu a ka.

"Mama, ga jirginki can ya tafi."

Mama ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta ce, "Bar shi ya tafi, ɗan nan. In ya ga ba mu damu ba, da kansa zai dawo ya rage."