Rasuwar Dogo, Wandon Shiga Kogi, Yana da Shekara Tara

Parkchester, Juma'a, 9 ga Oktoba, 1998.

Da zuciya mai nauyi, wadda baƙin ciki ya cika har baki, ni Alkasim Ishawu Zariya, malamin tarihi mai ritaya, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Bronx da na Park Hill rasuwar wandon robana na shiga kogi, wanda aka fi sani da Dogo. Ya cika ranar Asabar, 26 ga Satumba, da ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata na safe, a tsakiyar kogin Croton, ina cikinsa. Ya yi shekara tara da wata shida da kwana takwas a hannuna. A wannan tsakanin ya shiga ruwa sau ɗari biyu da goma sha ɗaya, ya sha faci ashirin da uku, ya kuma halarci kamun kifi ɗari uku da bakwai, har da guda huɗun da abokina Chollom yake musu a kansu.

Ga wanda bai san marigayin ba, wando ne haɗe da takalminsa, daga tafin ƙafa har ƙirji, ana rataya shi a kafaɗa da maɗauri biyu. Masu kamun kifi da ƙudan ƙarya ne suke sa irinsa. A wannan kamu ba a neman tana. Ƙugiya ake naɗe wa gashin zakara da zare har ta yi kama da ƙwaro, sai mutum ya shiga ruwan sanyi har ƙugu, ya yi ta wurga ta gaban kifi ko zai yarda abinci ne. Wani abokin aikina Bature ya nuna mini a 1988. Ni kuma na koya wa Chollom, ɗan Jos, direban bas da muke bene ɗaya, saboda shi yana da mota.

Wajibi ne in bayyana yadda Dogo ya shigo gidana, domin da sharaɗi ya shigo. Ina da shekara sittin da biyu a lokacin, kuma ban iya iyo ba. Uwargidana Hajiya Balki ta saurari bayanina har ƙarshe, sannan ta ce: "Malam, kai da ko Kubanni ba ka taɓa tsallakewa ba sai ta kan gada, yanzu da furfura za ka shiga kogin Turawa? To, wando ɗaya. Ranar da ya mutu, kai da kogi kun rabu." Na amince, na kuma rubuta maganar a littafin ajiyata kalma da kalma, ranar 4 ga Maris, 1989. Ta ƙara da cewa kada ya wuce dala hamsin. Ina jin ta yi zaton abin da wannan kuɗi zai saya ba zai ga bazara biyu ba.

Saboda haka ban zaɓi Dogo yadda ake zaɓen wando ba. Na zaɓe shi yadda ake zaɓen ƙasar da za a yi ginin gado a kanta. Asabar uku na yi ina zaga kantuna. Iri uku ne a kasuwa a wancan zamani. Akwai na leda mara nauyi, mai araha, wanda ƙaya ɗaya take aikawa lahira. Akwai mai taushi kamar soso, irin kayan masu nutso, wanda samari suke yayi. Ya fi ƙarfin aljihuna, kuma yana dafa mutum a watan Yuli. Sai na uku, tsohon yayi, roba mai kauri a kan yadin tamfol, wanda zuriyarsa ta faro tun da aka gano dafa roba da farar wuta a 1839. Mai kanti ya ce babu mai sayensa sai tsofaffi. Na ce masa ya samu.

Ga masu sha'awar bin sawuna, wannan shi ne binciken da na yi masa. Na sa kaina cikinsa na fuskanci fitila, don in ga ko haske zai ratso ta wani wuri. Na bi ɗinkin da yatsa daga hamata har idon sawu, na tabbata an liƙe bayansa da ƙyalle. Na duba gwiwa na ga ninki biyu ce. Na ɗauki wanda ya ɗan fi ni girma, domin matsattsen wando a tsakanin cinyoyi yake fara mutuwa. Daga nan na sa shi, na durƙusa na miƙe sau goma a tsakiyar kanti, jama'a suna kallo. Ranar Asabar, 18 ga Maris, na kawo shi gida a jirgin ƙasa mai lamba shida, a zaune kusa da ni kamar fasinja.

Marigayin mai haƙuri ne, mai riƙon amana, ba ya fallasa abin da aka sa a cikinsa. Yana da nauyi, ban ɓoye ba, kuma a lokacin zafi yakan tara gumi har a juye shi kamar tulu. Amma bai taɓa zaɓen ruwa ba. Ya shiga Croton, ya shiga Esopus can cikin duwatsu, ya tsaya da ni a ruwan Afrilu da yake sa haƙori rawa. A kan tudu muryarsa "ƙiƙ, ƙiƙ" ce, har Chollom yakan ce kifin duk ya ji sallamarmu tun daga wurin ajiye mota. Da ya shiga ruwa sai ya yi tsit, kamar dattijon da ya isa majalisarsa.

Ni ma ban gaza masa ba, ko kuwa haka na ɗauka. Mahaifina baduku ne a birnin Zariya, na tashi ina ganin yadda ake raya fata. Babu sirdi ko salka ko takalmin da zai shiga rani a gidanmu bai sha mai ba. Don haka duk watan Oktoba, idan an rufe kamu, nakan shimfiɗa jarida a falo, in kwantar da Dogo, in bi shi da man shanu, in biyo da basilin, in murza har ya yi ƙyalli. Ina yi ina lissafin shekarun da nake ƙara masa, waɗanda kuma nake ƙara wa kaina a kogi.

Ciwon ajali ya fara bayyana a 1995. Fatarsa ta soma yin danƙo a gwiwa, sannan ta kumbura, sannan ƙananan tsaguwa suka fito a bayan cinya. Sai na ƙara masa mai. A bara faci ya daina kama jikinsa, a liƙa da safe, ya ɗago kafin azahar. Ranar da ya cika, na sunkuya ne zan ɗauko wani kifi mai ɗigo-ɗigo da ya kai tsawon kamu ɗaya, sai na ji kalmarsa ta ƙarshe: "ɓarrr." Ya tsage daga ƙugu har gwiwar hagu. Ruwa ya cika shi, ya zaunar da ni, ya kai mini har haɓa. Chollom ne ya cafko maɗaurin kafaɗa ya ja mu, ni da gawar, zuwa gaɓa. Da numfashina ya dawo, abin da ya fara ce mini shi ne: "Malam, kifin nan ma ba za a lissafa shi ba."

A nan na yi abin da ya sa wannan sanarwa ta makara mako biyu. Da muka iso gida, ina jiƙe, a gaban baƙo, na tuhumi Hajiya Balki da kisan Dogo. Na kafa hujja da cewa a Janairun 1996, makon da dusar ƙanƙara ta rufe gari, ta cire shi daga banɗaki ta rataye kusa da hita, na'urar ɗumama ɗaki, saboda za ta yi baƙi, ya kwana biyu a wurin. Ta miƙo mini tawul, ta zuba wa Chollom tuwo, ni kuma ta nuna mini inda tukunya take.

Da yake ba na son hukunci babu bincike, na ɗauki gawar a motar Chollom zuwa Morris Heights wurin Abdulai, mutumin Zangon Kumasi, wanda ya shekara talatin yana facin taya. Ya shimfiɗa ta a kan benci, ya danna da babban yatsa, ya shinshina, ya dube ni.

"Malam, wa ke ba wannan abu mai?"

"Ni ne," na ce, da 'yar alfahari. "Duk shekara, ban taɓa fashi ba."

"Kai da karatunka duka? Wannan ba fatar akuya ba ne, roba ne. Roba ba ya shan mai, mai ke shan shi. Hita na kwana biyu bai yi komai ba. Da ka wanke shi da ruwa ka rataye a inuwa, da yanzu yana nan yana jiran ka mutu."

Na tambaye shi ko akwai sauran dabara. Ya ce ko kyauta na bar masa, ba zai yi facin keken yara da shi ba.

A hanyar dawowa Chollom ya kawo shawarwari biyu. Ta farko, tunda kashe Dogo aka yi ba mutuwa ya yi ba, alkawari bai hau kaina ba. Ta biyu, a sayo sabo, a ɗaura masa tsofaffin maɗauran kafaɗa, a ce wa Hajiya faci ne na ashirin da huɗu. Na buɗe littafin ajiya na karanta masa: "Ranar da ya mutu." Ba a ambaci sanadi ba. Shekara talatin da ɗaya ina hana ɗalibai sa wa takarda abin da ba ta faɗa ba, ba zan fara a kan tawa ba.

Da na shiga gida na sami Hajiya tana tsinke alayyahu. Na cire hula, na gaya mata sakamakon bincike, na nemi gafara. Ba ta ɗago ba ta ce: "Ai na sani. Safar robar wanke-wankena in ta sha mai, wata biyu take yi ta narke. Tun shekarar farko na gane."

"Kika yi shiru, Hajiya?"

"Ka tambaye ni? Kai ne ɗan baduku. Wa kake tsammani yake sayo maka babbar kwalbar basilin duk Satumba?"

Sai ta ajiye tiren ta ce: "Malam, shekara tara, duk Asabar ina zaune kusa da tarho har ka dawo. Ko wanka ba na shiga, kada ya yi ƙara ban ji ba. Wandon nan ya daɗe ƙwarai."

Saboda haka ina sanar da jama'a cewa Hajiya Balki ba ta da hannu a zancen hita, na janye tuhumar gaba ɗaya, a gaban waɗanda suka ji ta da waɗanda Chollom ya kai wa. Batun kwalbar basilin kuwa na rubuta shi ne kawai don kada tarihi ya zo da giɓi. Hannun da ya shafa man nawa ne.

Marigayin ya bar sandar kamu ɗaya mai ƙafa takwas da rabi, da akwatin ƙudajen ƙarya sittin da biyu, da ɗamarar ƙugu, da safar ulu ƙafa uku, da rabin kwalbar basilin wadda aka miƙa wa Hajiya. Ya kuma bar mai shi, ɗan shekara saba'in da ɗaya, cikin ƙoshin lafiya in ban da mura.

Za a karɓi gaisuwa jibi Lahadi bayan la'asar a gidana, hawa na biyar. Akwai shayi da ƙosai. Ba za a yi wa mamacin wanka ba, ya sha ruwa iya shansa. Za a yanke takalman a ba Chollom ya riƙa kwashe ƙanƙara da su a gaban motarsa, domin su kaɗai mai bai kai gare su ba. Sauran jikin za a naɗe shi a baƙar leda a sauke wa masu kwashe shara ranar Talata da safe, kasancewar Litinin hutu ce. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya kada su zo da takardun tallan sababbin wanduna, ko labarin wani sabon yadi da aka ce yana fitar da gumi ba ya shigar da ruwa. Na ji labarinsa, na kuma san kantin da yake.

Jiya Alhamis Chollom ya hawo ya karɓi sandar da akwatin ƙudajen. Gobe Asabar ina gida.

Alkasim Ishawu Zariya,
a madadin iyalan marigayin.