Ƙwaron Dakta Sodangi

Duk wanda ya ce ilimi ya yi ƙaura daga Sakkwato, bai taɓa bi ta Mabera ba. Nan Allah Ya ajiye mana Dakta Sodangi, Garkuwan Ƙwari, fitilar da ke haska wa rana hanya. Ba wata jami'a ya wahalar ta ba shi daktan nan ba. Shi ya dubi madubi ya ga ya cancanta. Ai shekarun da ya yi yana sayar da maganin feshi a kasuwa sun fi digiri, tunda ba ƙwaron da ya mutu a garin nan ba da saninsa ba.

Wata safiya yana zagaya gonarsa ta shinkafa a Kwalkwalawa, sai ga ɗan ƙwaro siriri a hannun rigarsa. Jikinsa ja da baƙi, fiffike guntu kamar an ɗinka masa 'yar shara, yana tafe yana ɗaga gindi sama. Dakta ya yi kabbara, ya jefa shi cikin kwalbar turare, ya nufo gida.

"Balaraba," ya kira matarsa, "taho ki ga abin da Turawa sunka kasa gani. Shina ɗaga wutsiya, ke nan dangin kunama na. Shina da fiffike, ke nan ta wajen uwa zabi na kawunnanshi. Dubi kuma tahiyarshi, wanga jinin sarauta na."

"Alhaji, irinsu fa cike suke a jikin ƙwan lantarkinmu."

"Waɗancan talakawa na. Wanga daban shike."

Don a shaida, ya kai kwalbar wurin Dakta Zahra'u, malamar jami'a mai nazarin ƙwari. Ta ce dangin ƙwaron nan dubbai ne, wasu ba a rarrabe su sai an sa su ƙarƙashin madubin ƙara girma, don haka ya bar mata shi ta bincika. Ta kuma gargaɗe shi kada ya kuskura ya murje shi a fata. Dakta ya fizge kwalbarsa. A hanya ya shaida wa ɗan acaɓan da ya ɗauko shi cewa hassada ga mai rabo taki ce.

Ranar sunan ƙwaron aka kafa rumfa, aka yanka rago, maroƙi ya wasa ƙwaro har kakanninsa. Dakta ya miƙe cikin babbar riga, ya ɗaga kwalba.

"Jama'a, na raɗa mai suna Sodangiyus maberensis! Daga yau duk Baturen da za shi ambaci wanga ƙwaro, tilas bakinshi shi bi ta sunana. Ga haƙuri, ga natsuwa, halin mai sunan sak!"

Don jama'a su ga haƙurin da idonsu, ya zazzage shi ya ɗora a kuncinsa. Jinin sarauta ya ɗan tsaya, ya ɗaga gindi, sai ya doshi ido da gudu. Tas! Garkuwan Ƙwari ya kwaɗa wa kansa marin da aka ji har bakin titi, ya bi da murza. Maroƙi ya haɗiye sauran kirarin.

"Ya rasu bisa tafarkin ilimi," in ji Dakta. Aka yi fatiha, aka ci rago.

Washegari kunci ya yi ja, kafin jibi ya ɗuri ruwa daga gefen hanci har kunne, kamar an ja masa layi da garwashi. Masu zuwa dubiya ya ce musu hatimin bincike ne, ba kowace fuska yake hawa ba.

Amma a faɗi gaskiya, sunan ya karɓu. Damina na sauka ƙwarin suka cika unguwa, irin ƙunar da suke bari a fata kuwa dama fitsarin ƙwaro ake ce mata. Yanzu ko'ina ka bi a Mabera za ka ji mace na tambayar maƙwabciyarta me ya same ta a wuya, ita kuwa ta ce:

"Bari ke dai, Sodangi ne ya yi mini fitsari."