Jiran mai turawa

Jikana ya nuna min jirgin ƙasa na lantarki na Japan a waya: in ya cika, ma'aikata ne ke tura mutane ciki. Da na ji har a jiragenmu na nan unguwar Bronx akwai ƙirar Japan, na ce ai tsarin ɗaya ne.

Ranar auren ɗan ƙanena ni ne wakilin ango. Muna tasha za mu wurin ɗaurin aure sai jirgi ya zo maƙil, abokina Alhaji Sule ya kutsa. Ni mai ilimi na tattare babbar riga a bakin ƙofa, ina jiran a tura ni. Ƙofa ta rufe, jirgi ya tafi ya bar ni. Sule ne ya karɓi auren.

Har yau in na tsaya cire takalmi a masallaci sai ya ce, "Malam, za ka shiga da kanka, ko a kira Bajapane?"