Aljanun Akwatin Isyaka

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da aka buga gasar ƙwallon duniya a nan Doha ba. Lokacin ina gadin dare a Thumama, ina kwanan rana a wani ɗaki a Najma tare da Isyaka, mutumin Zangon Kumasi. Mutumin kirki ne, amma yana da akwatin katako a ƙarƙashin gado, kullum sai ya janyo shi, ya ba ni baya, ya yi ta murɗe-murɗe yana magana ƙasa-ƙasa. Zuciyata ba ta kwanta ba.

Tagarmu a toshe take da kwali don mu samu barci. Wata rana da hantsi Isyaka ba ya nan, na ji ƙas-ƙas-ƙas daga akwatin. Na leƙa ta tsagar murfi, sai ga wasu ƙananan idanu kore shar suna kallona. Na ce a'uzu billahi, tsafi a ɗakin da nake salla!

To, ni ɗan makarantar allo ne (har yau da ajami nake rubuta wa gida saƙo). Na yi rubutu, na wanke, na ɗura ruwan ta tsagar nan har ƙarar ta ɗauke. Na kira maƙwabta su shaida.

Isyaka ya shigo ya tarar da mu. Ya buɗe akwatin, sai ga tsofaffin agogunan tashi daga barci, ruwa na ɗiga. Ya ɗaga ɗaya ya ce, "Malam, wannan babana ya sayo a Abijan, zamanin fataucin goro. A wani ƙauyen Faransa aka ƙera shi, masana'antar ma ta rufe tun da agogon batir ya fito. Idanun da ka gani fenti ne mai haske a hannuwan agogon, don a ga lokaci cikin duhu."

Wani maƙwabci ya ce, "Ai kuwa Malam ya kashe aljanin!" Da ƙasa za ta tsage, da na shige.

Sauran agogunan sun bushe sun tashi, na babansa ya yi tsatsa. Isyaka ya daina cin abinci tare da ni. Na yi ta bin kasuwar tsofaffin kaya duk Juma'a har na samo mataccen irinsa. Isyaka ya kwashe kayan cikin ya haɗa a na babansa, ya murɗa, ƙararrawa ta kaɗa.

Ya turo min kwanon shinkafa. "Khalas, ya wuce, Malam. Sa hannu."

Tun daga ranar, kafin in jiƙa allo, mai akwati nake fara tambaya.