Ranar da Na Wanke Binciken Habsatu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da tsafta ta ja mini abin kunya ba. Ni dai a unguwarmu ta Kolere kowa ya san ni da adana kwalba. Ko ta maganin tari ce, sai na wanke na samo mata aiki.

'Yata Habsatu tana digiri na biyu a jami'a, tana bincike kan wani abu wai shi laisozom. Ta ce, "Dada, jikin mutum 'yan ɗakuna ne ƙanana da ido ba ya gani. Kowane ɗaki da mai shararsa, shi ne laisozom ɗin. In yunwa ta zo, sai ya tattara tsofaffin kaya ya narkar, a sake amfani da su. Kamar ke dai." Har kaina ya kumbura. (Ashe ina cikin littafin boko ban sani ba.)

Da firizar ɗakin gwajinsu ta lalace, sai ta kawo wani akwati ta saka a tawa mai sola, kusa da zoɓon da nake sayarwa. Ta ce aikin wata huɗu ne, kada a taɓa. Mako biyu ban taɓa ba, leƙawa kawai nake yi. To, leƙen ne ya nuna mini 'yan kwalaben roba kamar ɗan yatsa, wasu cike da ruwa, wasu ba komai sai ɗigo a gindi. Na ce oh, 'yan boko da ƙazanta! Na bar mata cikakkun. Na wofin kuwa na wanke su tas da ruwan zafi, na kankare rubutun jikinsu, na ɗura humra.

Ranar Asabar sai ga Habsatu da malamarta, wata Dakta 'yar Michika, sun zo ɗaukar akwatin. Na shimfiɗa darduma, na kawo zoɓo mai sanyi, sannan na miƙa mata kwalba ɗaya da hannu biyu.

"Dakta, ga 'yar tsaraba, ba yawa."

Ta juya ta, ta buɗe, ta shinshina, ta dubi Habsatu.

"Mama, a ina kin samu wannan?"

"A akwatinku mana. Waɗanda suka ƙare ne kawai, ban taɓa masu ruwa ba."

Habsatu ta zauna daɓas a ƙasa.

"Dada! Masu ruwan ai ruwan gishiri ne! Ɗigon nan shi ne aikin gaba ɗaya, abin da na tace daga hantar ɓeraye!"

Hantar ɓera. Ni kuwa tun safe na shafa a wuya, har na aika wa amaryar maƙwabta guda biyar. Da ƙasa ta tsage, wallahi da gudu zan shige.

Dakta ta ajiye kwalbar ta ce, "Mama, mai sharan jiki ma sai an sa wa kaya alama kafin ya ɗauka."

Haka Habsatu ta sake aikin daga farko, 'yan ajinsu suka gama suka bar ta. Mako guda ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwa.

Na dai koyi darasi: in ka ga abu kamar wofi, tambayi mai shi. Ita ma ta koyi nata. Da akwatin ya sake dawowa firizata, da kwaɗo ya zo, makullin kuma ta damƙa wa babanta, mutumin da tunda na aure shi ban ga ya wanke ko kofi ba.