Yadda Za Ka Haɗa Firintar Gidan Su Masoyiyarka Ba Tare da Ka Gama Ba

Ya kai mai ciwon so, share hawayenka. Mahaifin wadda kake mutuwa a kanta ya sayi firinta, yana neman mai haɗa ta da kwamfutocin gidan. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin za ka riƙa ganinta kullum har bakinka ya buɗe.

1. Karɓi aikin

Durƙusa ka ce wa Baba kai da firinta tare kuka taso. Kada ka damu don ba ka taɓa sa wa ko ɗaya takarda ba. Masana sun tabbatar so yana koyar da injiniyanci.

2. Gane maƙiyinka

Maƙiyinka shi ne sauƙin aikin. Firinta da kwamfutoci su hau intanet ɗin gida ɗaya, kowace ta nemo ta, shi ke nan. Kafin shayin da aka kawo maka ya huce an gama, an yi maka godiya, an rufe ƙofa. Saboda haka leƙa bayan firintar, ja dogon tsaki, ka ce, "Baba, wa ya sayar maka da wannan?"

3. Haɗa ɗaya, raba ɗaya

Yau ta Baba ta buga, ta ƙanwarta ta ƙi. Gobe ta ƙanwar ta buga, ta Baba ta yi yaji. In ya fara huci yana cewa takardun ofis na jiransa, bayyana masa cewa kwamfutoci ma suna da zuciya, ba a yi musu dole.

4. Bar tata a ƙarshe

Ga ta kusa da kai a kan kujerar falo, turarenta ya cika maka ƙirji, jerin kalmomin da ka haddace daga littattafai na bakinka. Za ta tallafe haɓa ta tambaye ka ko akwai abin da kake son faɗa mata. Dubi cikin idonta da dukkan ranka, ka ce tawada ta kusa ƙarewa. Zurfin ciki ado ne. Ai akwai gobe.

5. Kada ka ƙi aike

Mama za ta ce tunda ka zo, duba mata fanka. Sai rimot, sai famfon bayi. Yi murna: an daina yi maka shimfiɗa, kai ke ɗauko tsintsiya da kanka, har karen gidan ya daina ɗaga kai. Wannan ci gaba ne.

6. Girbi abin da ka samu

Wata rana za ka iske wani dogo a kujerarka, yana shan shayi a kofin baƙi. Shi bai san komai a kan firinta ba, bakinsa kawai ya buɗe. Ita kuwa za ta taso da fara'ar da ba ka taɓa gani ba, ta miƙo maka kwamfutarsa.

"Yaya, don Allah haɗa masa tasa ita ma, tunda zai riƙa zuwa."

Mama za ta leƙo daga kicin ta ce, "Ka gaisa da yayanku, shi ne babban ɗanmu."

Yi murmushi. Haɗa masa. Za ta buga nan take.

Gargaɗi: Mai wannan rubutu ba shi da hannu a karayar zuciya, rama, ko kuka a bayan firinta. Wanda aka mayar yaya ya je ya ji da ƙannensa, kuma ya sani fankar Mama ta sake tsayawa.