Mai Injin da Ya Tsere

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na ba da tarihin gidan silima a wani ɗaurin aure a Anka. Ni malamin tarihi ne a wata sakandare a Gummi, kuma ina da ciwon nan na malamai: in na ga mutum uku zaune, sai in ga aji.

Muna ƙarƙashin rumfa ana jiran liman, sai wani ya ce an mai da tsohon gidan silimar birni wurin ajiye buhunan taki. Nan na gyara zama. (Ban taɓa shiga gidan ba ko sau ɗaya. Inna ta ce wurin 'yan iska ne, duk abin da na sani a bakin direbobi na ji shi.)

Na faɗi yadda wani Kwara, Balaraben ɗan kasuwa, ya gina shi ba rufi, da yadda masu kujera ke baya, masu benci na gaba suna shan ciwon wuya. Da na ga ana saurare, sai na kawo labarin gobarar da ta tashi a ɗakin injin haska fim.

"Mai injin ne ya fara tserewa," in ji ni. "Katanga ya haura, ya bar takalmansa!"

Zancen takalman ƙarina ne. An yi dariya sosai.

Wani dattijo a gefena yana ta ɓare goro. Ya ce, "Malam, wanga labari wa ya ba ka shi?"

Na ce ai sananne ne.

"To, ba gudu na yi ba, ɗana. Bokiti na tai ɗaukowa."

Ya naɗe hannun riga. Tabon ƙuna ne tun daga wuyan hannu har gwiwa. Wani abokina ya matso ya raɗa mini cewa wannan shi ne Kawu Ummaru, waliyyin Hadiza, yarinyar da iyayena za su je neman mini aurenta sati mai zuwa.

Auren dai an yi. Amma har yau in na je gaishe shi, sai ya tambaye ni ko an gano takalman.

Yanzu kafin in ba da tarihi, nakan duba gefena tukuna, don wani lokacin tarihin na nan zaune yana cin goro.